Taswirar da ke Cikin Kai

Kowane ɗalibi da ke shigowa ajina na labarin ƙasa a Gwagwalada yana ɗauke da wata taswira a kansa, wadda ƙafa da motar haya suka zana masa. Ya san Zuba, ya san Kubwa, ya san kuɗin mota zuwa Wuse. Amma a tambaye shi ina arewa, sai ya yi tsuru-tsuru.

Saboda haka nakan ba kowa farar takarda, in ce ya zana Abuja da ka. Da yawansu kan dasa Dutsen Zuma a tsakiyar birni, alhali kuwa yana cikin Jihar Neja, kusa da Madalla. Daga nan gyara ke farawa. Mafitar rana ta nuna mana gabas, mu aza Nasarawa can, Kaduna a arewa, Neja a yamma. Sa'an nan mu bi sawun ruwa: Kogin Usuma, wanda aka datse a yankin Bwari domin shayar da birni, ya gangaro ta Gwagwalada, ya faɗa Gurara.

Dalilin nacewata shi ne, tun da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, jama'a ke ta kwararowa, gini ya kai har bakin rafi. Yaron da ya san inda tudu yake da inda ruwa ke gangarawa, idan ya girma, da wuya a sayar masa da fili a kan hanyar ambaliya.