Matatar Iska da Injin da Ke Bayanta

Duk wadda ta taɓa tankaɗe ta san rariya mai ƙananan idanu ta fi fitar da gari mai laushi, ta kuma fi gajiyar da hannu. Ta wannan hanya nake fahimtar matatar iska da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki, wadda a Nijeriya ake kira iyakwandishan, mu kuma a Nijar muke ce wa kilim. Kalmar matata daga tace ta fito, kamar a matatar mai. Ɗalibi ya lura, a rubuce ba ta da bambanci da matata ta aure, sai a baki: wasalin farko gajere ne a ta tacewa, dogo a ta aure. Hannun da ke wannan tankaɗe kuwa shi ne injin fanka, wanda ke zuƙo iskar ɗaki ta cikin matatar, ya tura ta kan bututun sanyi ko na ɗumi.

A Amurka, inda na'ura guda ke ɗumama gida duka da hunturu ta kuma sanyaya shi da bazara, an daɗe ana jayayya kan wannan batu. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta tsara ma'aunin da ake kira MERV, daga 1 zuwa 16. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ƙurar da matatar ke tarewa. Mai saye yakan ga 13 ta fi 8, ya miƙa kuɗi. Abin da ba ya gani shi ne, yawancin na'urorin gida an ƙera su ne domin matsin da bai wuce rabin inci na ruwa ba, wato kimanin faskal 125, kuma wannan kason na dukkan hanyar iskar ne, har da bututu da kusurwoyinsu. Matata mai matsattsun idanu, in siririya ce, tana iya cinye babban rabo daga ciki tun tana sabuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda injuna iri biyu ke amsa wannan takura. Tsohon samfuri, mai suna PSC, ba ya gardama. In hanya ta ƙuntata, iskar da yake turawa ta ragu ke nan, har wutar da yake sha takan ɗan ragu. Ɓarnar sai ta bayyana a wani wuri: bututun sanyi ya yi ƙanƙara saboda babu isasshiyar iska mai ɗumi da za ta ratsa shi, ko kuma a wajen ɗumamawa tukunyar ta yi zafi fiye da kima har makunnin kariya ya kashe ta. Shi kansa injin, da iskar da ke wucewa yake shan sanyi, don haka yana aiki cikin zafi.

Sabon samfuri kuwa, ECM, musamman irin da aka saita ya riƙe adadin iska guda, mai taurin kai ne. Da ya ji hanya ta toshe sai ya ƙara gudu. Ɗaki na nan da sanyinsa, mai gida bai san komai ba, alhali injin na ƙara shan wuta, yana ƙara zafi, sassan lantarkin da ke sarrafa shi suna gajiya. A ganina wannan ya fi haɗari, domin babu alamar da ke gargaɗi sai ƙarin ƙara da kuɗin wuta, kuma canza shi ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Mafita ba komawa ga rariya mai manyan idanu ba ce. Faɗi ake nema. Matata mai kaurin inci 4, wadda aka nannaɗe kamar kalmasar rawani, tana da fili ninkin-ba-ninkin na mai inci 1, don haka iska na ratsa ta a hankali, ƙura kuma na samun wurin zama kafin ta toshe.

A ƙasarmu lissafin ya ɗan sauya. Ƙurar hunturu da ke rufe Zinder da Kano, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen ƙasan tsohon tafki. Na'urorin da muka fi amfani da su na jikin bango ne, matatarsu raga ce ta roba da ake cirewa a wanke, fankarsu kuma ƙarama ce da ba a yi ta don ture abu mai kauri ba. Na sha ganin an shimfiɗa soso ko ƙyalle a kan ragar wai don a ƙara tare ƙura. Niyyar mai kyau ce, amma an shaƙe injin ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ni dai ragar tawa duk mako nake wanke ta, in bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin in mayar.