Abin da Hubbaren Shehu ya tuna mini

In Allah Ya kai ki Sakkwato, ki daure ki leƙa Hubbare, makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, inda 'yarsa Nana Asma'u ma take kwance. Ki je da hantsi, kafin rana ta take. Tun daga ƙofa za ki tarar da tsofaffin mata a inuwa riƙe da carbi, wasu daga ƙauyuka masu nisa.

Na je ne da surukata, Inna. A gida, da ta ɓatar da makulli sai yara su ce gigin tsufa ne. Ni ma nakan tari numfashinta kafin ta dire magana. A hankali ta rage hira, in an tambaye ta sai ta ce, "Ni me na sani? Na tsufa."

Muna zaune, wata dattijuwa ta fara rera waƙar wa'azi, ta kakare a tsakiya. Sai kawai Inna ta ɗora, baiti bayan baiti, har ƙarshe. Shekara 12 muna gida ɗaya ban san ta haddace ta ba, don ban taɓa tambaya ba.

A garin nan ne Nana Asma'u ta kafa 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa, ta haddace waƙoƙin karatu ta kai wa matan ƙauyuka. Wato ilimin ma tsofaffi ta damƙa wa.

Binciken Becca Levy a Amurka ya nuna a 1996 cewa tsofaffin da aka haska wa kalmomin raina tsufa sun fi mantuwa a gwaji, waɗanda aka haska wa na girmamawa kuwa suka ƙara ƙoƙari. A 2002 ta gano, cikin mutum 660 a jihar Ohayo, masu kyautata wa tsufansu zato sun ɗara sauran tsawon rai da kimanin shekara bakwai da rabi.

Akwai mantuwar da ciwo ce. In tsohuwarki tana ɓata hanyar gida ko ta kasa gane 'ya'yanta, ki kai ta asibiti. Amma wata mantuwar bakinmu ne ke jawo ta.

Yau bayan Magariba ki zauna kusa da ita, ki nemi ta koya miki wani abu, ki bari ta ƙarasa da kanta. Allah Ya ba mu ikon kyautata musu, amin.