Sankarar Jijiyoyin Jini da Tsoron Ƙarfe

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga ƙasar Bichi zuwa Ɗambatta, akwai wata magana da muka gada, wai daji ba ya son ƙarfe. Ana nufin da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu a jiki. Wannan magana ta hana bayin Allah da yawa zuwa asibiti sai bayan aski ya zo gaban goshi. Ina so in yi mana nasiha a kanta, ta hanyar labarin wata sankara da ba kasafai ake jin sunanta ba.

Sunanta sankarar Kaposi, sunan likitan fata Moritz Kaposi, wanda ya fara bayyana ta a birnin Biyana a 1872. Tana tasowa ne daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini da hanyoyin ruwan jiki. A 1994 Yuan Chang da Patrick Moore suka gano, a Amurka, ƙwayar cutar da ke haddasa ta, wato HHV-8. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa yin ciwon har ƙarshen rayuwarsu. Yakan bayyana ne idan garkuwar jiki ta yi rauni, ko saboda cuta mai karya garkuwa, ko magungunan dashen ƙoda, ko tsufa. Akwai kuma nau'in da aka sani a Afirka tun kafin bayyanar ƙanjamau.

Kawuna manomi ne, ya haura sittin. Da saukar damina wasu tabbai suka fito masa a ƙafa, sun fi fatarsa duhu, babu zafi, babu ƙaiƙayi. Aka ce kaushi ne, aka ce ƙaya ce. Ya ce sai an gama noma. Kafin a yanke gero tabban sun zama ƙulalai, ƙafar ta kumbura ta yi tauri, har ana cewa tundurmi ne. Wanzami ya yi masa tsaga, jini ya daɗe bai tsaya ba, domin ƙullun tarin jijiyoyin jini ne.

Da muka isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya ce sai an yanki 'yar tsoka an duba. Kawu ya janye ƙafarsa, ya dube ni.

"Ɗana, ka manta abin da magabata suka ce?"

Likitan ne ya amsa cikin ladabi: "Baba, abin da za mu ɗauka bai fi ƙwayar wake ba, kuma sai mun kashe zafin wurin. Idan ban san sunan ciwo ba, maganin me zan ba ka?"

Wannan shi ne ginshiƙin zancen. Ido kaɗai ba ya tabbatar da wannan cuta, domin akwai cututtukan fata masu kama da ita. Sai an sa tsokar a madubin likita. Gwajin ba shi ke yaɗa ciwon ba. Jinkiri ne ke ba shi dama ya kai ga kaluluwa, da dasashi, da hanji, da huhu. Ana ɗora wa ƙarfe laifi ne saboda yawanci ba a zuwa gare shi sai ciwo ya riga ya yi nisa.

Bayan sakamako ya tabbatar, aka yi masa hoton ƙirji da gwajin cuta mai karya garkuwa. Nasa ya nuna babu. Amma ko da akwai, ba dalilin ɓuya ba ne: ga masu ɗauke da ita, maganin da ke farfaɗo da garkuwa shi ne matakin farko, kuma sau da yawa tabban kan ja baya da shi. Idan ƙulli ɗaya ne ko biyu, ana iya cirewa ko a gasa da na'ura. Idan sun yawaita ko sun shiga ciki, sai maganin sankara da ake sa wa ta jijiya, zango-zango. Shi aka yi wa Kawu. Ya sha kasala da tashin zuciya, an sayar da rago da buhunan gyaɗa, amma kumburin ya saɓe har takalmi ya sake shiga. Ciwon na iya dawowa, don haka ba ya fashin ranar ganin likita.

'Yan uwa, duk wanda ya ga tabo mai duhu a ƙafa ko a cikin baki da ya ƙi tafiya, ko kumburin ƙafa da ba a san dalilinsa ba, kada ya tsaga, kada ya jira kaka. Ya fara da babban asibiti mafi kusa, ya nemi takardar turawa. Idan ga tari da jini, ko sarƙewar numfashi, ko baƙin bayan gida, to ranar za a tafi. Tun ran gini ran zane. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.