Na sake koyon tafiya a kan kogin ƙanƙara

Kafin in zo karatu Ingila, ƙanƙara iri biyu na sani: wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi, da wadda kan faɗo da ruwan sama mu fita tsinta. A hutun watan Yuli na taka iri na uku a ƙasar Aisland, wato kogin ƙanƙara. Dusar ƙanƙara ce ta shekaru aru-aru da ta danne juna har ta daskare kamar dutse, nauyinta kuma yana gangaro da ita a hankali, ba yadda ido zai gani ba.

Wanda muka je sunansa Solheimajokull, reshe ne na babban filin ƙanƙarar Myrdalsjokull a kudancin ƙasar, tafiyar sa'o'i biyu da ɗoriya a mota daga Reykjavik. Mu goma ne da jagora guda, wata mata mai ƙarancin magana, kuma babu wanda ya taɓa hawa a cikinmu. Ta raba mana hular kwano, da ɗamarar da ake maƙala igiya, da ɗan gatari, da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana jan ɗaurin da hannunta.

Daga nan ta koya mana tafiya kamar 'yan tatata. A ware ƙafafu don kada haƙoran su kama wando. A buga tafin ƙafa gaba ɗaya, ban da sanɗa. In za a gangara, a ɗan durƙusa. Da farko mun yi ta dariya don duk mun koma agwagi, amma da muka hau sai kowa ya yi tsit yana sauraren ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara.

Na zaci zan ga wuri fari fat. Ashe rabinsa baƙi ne da tokar aman wuta, domin dutsen Katla, wanda ya yi babban amansa na ƙarshe a 1918, yana kwance ne ƙarƙashin Myrdalsjokull. Cikin tsagogi kuwa shuɗi ne mai ɗaukar ido, saboda nauyi ya matse iskar da ke cikin ƙanƙarar. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ramukan da narkakken ruwa ke haƙawa, masu kama da rijiya marar marfi. Jagorar ta tsayar da mu nesa da ɗaya, ta jefa guntun ƙanƙara, muka yi ta jira ba mu ji faɗuwarsa ba.

A nan na gane abin da muka biya. Lokacin da nake neman tikiti na yi ta lissafi irin na ɗalibi, don ƙaramin rukuni ya fi tsada, kuma ga wurin a buɗe, babu shinge. To amma hanyar ba ta zama ɗaya. Inda aka bi makon jiya yana iya tsagewa yau, shi ya sa jagorori ke sake duba ta, suna sassaƙa matakala da gatari. Mu baƙi ba mu iya bambance inda zai ɗauki mutum da inda zai rufta. Sannan ido biyu ba sa iya lura da ƙafafun mutum talatin. Matar nan ta hango ɗaurin wani ɗan Indiya ya kwance tun kafin shi ya ji.

Ta kuma riƙa ƙirga mu a kowace tsayawa, har abin ya so ya gundure ni. Daga baya na karanta cewa a watan Agustan 2024 bangon kogon ƙanƙara ya rufta a Breidamerkurjokull, wani Ba'amurke ya rasu. An ɗauka mutum 25 ne a rukunin, masu ceto suka yi ta tonon ƙanƙara suna neman mutum biyu, sai washegari aka tabbatar 23 ne, babu wanda ya ɓata. Tun daga nan nake ganin ƙirgar tata da daraja.

Da muka sauko ta nuna mana tafkin da ke gaban kogin, inda manyan guntayen ƙanƙara ke yawo. Ta ce ba da daɗewa ba duk wurin ƙanƙara ce. Tun 2010 'yan makarantar garin Hvolsvollur ke zuwa kowace shekara suna auna yadda bakin kogin ke ja da baya. Tafiyar da muka yi daga wurin ajiye mota zuwa inda muka ɗaura ƙarafa ta kai minti ashirin, a kan tsakuwa da baƙin yashi, kuma ta ce kusan kowace shekara sai ta ƙaru.