Shafin Alhaji Ba Don Kanawa Aka Yi Shi Ba

A takarda kamfani ne, a ido kuwa ɗaki ɗaya ne a saman bene a titin Faransa, cikin Sabon Gari, da tsofaffin kwamfutoci da ɗan janareta a baranda. Can na kama aiki a 2009. Zane da rubuta manhaja aka ɗauke ni in yi, amma ni ne mai ɗaukar hoto, ni ne mai rubuta bayanin kaya, ƙarshen wata kuma ni ne ɗan bin bashi.

A lokacin, a Photoshop ake zana shafin intanet, a yanyanka shi, a harhaɗa a Dreamweaver ko a ɗora kan Joomla. Sai a buɗe shi a Internet Explorer 6 a ga komai ya karkace. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ kuwa sau da yawa akwatuna suke komawa. Da modem ɗin Starcomms muke lallaɓawa, shi ya sa sai dare ya raba muke ɗora aiki. Mun ji labarin wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 da suka fara aiki a Legas a 2010, amma an jima kafin mu gani a ƙasa. Wuta kuwa, tun 2005 aka sauya wa NEPA suna, ba a sauya mata hali ba.

Aikin gaske yana Kantin Kwari, a Fagge. Da yake ni ne Bahaushen ofis, ni oga yake turawa. In durƙusa in ce, "Alhaji, Allah ya ba da kasuwa," in buɗe kwamfuta a kan dilar atamfa. Tambayarsa ɗaya ce: "To, yaro, wa zai gani?" Kuma da gaskiyarsa. Masu sarin kayansa daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru suke zuwa, su murza shadda da yatsa, su ɗauki kaya a kan amana sai an sayar a kawo kuɗi. A lokacin ba mai sayen turmi da katin banki, ballantana kuɗin haɗa shafi da Interswitch kan fi na gina shafin kansa.

Waɗanda suka amsa mana su ne masu zuwa Dubai da Guangzhou. Masana'antun can suna son ganin adireshin imel mai sunan kamfani, da shafin da zai nuna cewa ba ɗan kayi-nayi ba ne. Saboda haka da Turanci zalla muke yi, a sa hoton sito maƙil da kaya, da Alhaji cikin babbar riga. A buga adireshin a katin kasuwanci, shi ke nan. A ganina ba su yi asara ba, sun san abin da suka saya fiye da mu masu sayarwa.

Rigima sai shekara ta zagayo. "Ba na biya ba? Wane kuɗi kuma?" In ce, "Ranka ya daɗe, kamar hayar rumfa ce, duk shekara ake sabuntawa." Wasu su biya, wasu su ce a bar shi ya mutu, alhali oga da dala yake biyan masu ajiyar shafukan a Amurka.

Sauran abokan cinikinmu makarantu ne masu zaman kansu, da otal-otal da coci-cocin Sabon Gari, sai ’yan takarar 2011, waɗanda shafukansu suka mutu da an gama ƙirga ƙuri'a.

Daga baya wayoyin Tecno masu araha suka cika gari, yaran shago suka fara tura hoton leshi ta WhatsApp, a ga alat a kai kaya tasha. Kafin Paystack ya sauƙaƙa biyan kuɗi a shafi wajen 2016, Kwari ta riga ta shiga intanet ba tare da mu ba. Kamfaninmu ya koma yi wa makarantu manhajar duba sakamakon jarrabawa, kuma a nan ne ya fara biyan albashi a kan kari.