Mun kai keken guragu Yankari

Tun da muka dawo daga Bauchi ƙungiyoyi ke aiko mana da tambaya iri ɗaya: wai da gaske ne matan Tsauni sun tafi da ma'ajiyarsu har gandun dajin Yankari a kan kekenta? Da gaske ne. Ga yadda abin ya kasance, don duk ƙungiyar da ke da gurguwa ko tsohuwa mai ciwon ƙafa ta san inda wahalar take da inda babu ita.

Kun san al'adarmu. In za a biki ko ziyara, mai keke ita ce mai tsaron gida, in ma an tafi da ita, ita ce mai tsaron kaya a gindin bishiya. Ma'ajiyar tamu, wadda duk muke ce wa Yaya, shan inna ya kama ta tun tana ƙarama. Shekara da shekaru akwatinmu yana ɗakinta, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Da aka kawo maganar yawon buɗe ido bayan rabon asusu, wasu cikinmu suka ce a ɗauko mata hotuna a waya. Ta ce, "Kuɗin da na ƙirga da hannuna za ku hau mota da su, ni ku kawo mini hoto?" Daga nan ba wadda ta sake tanka maganar.

Ba mu taɓa jarin ƙungiya ba, ba mu taɓa kuɗin taimakon haihuwa da rasuwa ba. Zubi na daban muka buɗe, na mai so kawai, muka yi shekara guda muna tarawa. Wannan muna roƙonku ku riƙe shi, don yawo ba ya haihuwa, kuma akwatin da aka ci don yawo shi ke raba ƙungiya.

Akwai masu cewa me ya kai mu Najeriya alhali muna da namu dajin. Gaskiya ne, raƙuman dawa na Kure abin alfaharinmu ne, har an kwashi takwas cikinsu an kai Gadabeji a 2018. To amma Kure tana kusa da Yamai, daga nan ya fi kilomita 800, kuma tun harin da aka kai can a watan Agusta na 2020 mazajenmu ba sa son jin maganar. Gadabeji kuwa hanyar rairayi ce arewa da Dakoro. Yankari kwalta ce, kuma Hausa za ta fishe ki tun daga ƙofar gida har can. Daga Matamaye sai Ɗan Barto, a canza sefa zuwa naira, a tsallaka Kwangwalam, a bi Daura da Kazaure zuwa Kano, sannan Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi. Kowa ta riƙe katinta na ɗan ƙasa a jiki, ba cikin jakar da ke saman mota ba. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, a kai ƙofar daji a Mainamaji. Kada ku ce an iso: daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran kilomita wajen 42 cikin daji.

Yanzu maganar keke, don a nan rabin aikin yake. Keken Yaya irin namu ne mai ƙafa uku, wanda ake juyawa da hannu. A kasuwa ba kamarsa, amma dogo ne, ba ya juyawa cikin ɗaki, ba ya shiga banɗaki. Sai muka aro kujera mai taya, irin mai naɗewa ta asibiti, mai ƙafa ukun ya hau saman mota. Muka yanki igiya daidai faɗin kujerar, sakatariyarmu ta ɗaure ta a bakin zani. Duk inda za mu sauka, kafin a biya ko sisi, sai ta je ta gwada igiyar a ƙofar ɗaki da ta banɗaki. Mun kuma tafi da famfon iska da faci saboda tsidau, da kujerar roba da aka huda tsakiyarta don wurin da masai na tsugunno ne.

Igiyar nan ta yi mana rana tun a hanya. A wani masauki da muka kwana, mai wurin ya ga Yaya ya ce ai Hajiya sai babban ɗaki, mai sanyi, mai talabijin. Ashe babban ɗakin a sama yake, ƙofar banɗakinsa kuma ba ta kai igiyar ba. Ƙaramin ɗaki na ƙasa, mai rabin kuɗin, shi ya karɓe ta. Ku sani, tsadar ɗaki daban, shigar keke daban. Najeriya ta yi dokar masu naƙasa a watan Janairu na 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, mu ma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu tun 2008. Madalla da doka. Amma mu dai igiya muka riƙe.

A Wikki ɗakuna iri-iri ne, tun daga masaukin ɗalibai har wanda ake ce wa na shugaban ƙasa. Tun muna gida muka buga waya da tambaya uku: matakala nawa ce a bakin ɗakin, masai na zama ne ko na tsugunno, kuma mota tana iya tsayawa a ƙofar? Da amsar muka zaɓi ɗaki. Abin da waya ba ta shirya mu a kansa ba shi ne birai. Manyan birai, bika, suna yawo tsakanin ɗakuna kamar su suka biya kuɗin, gadu kuma yana kiwo a bakin ƙofa kamar akuya. Mai zaune a keke ta fi kowa buƙatar kula a nan, don abin da ke cinyarta daidai hannun biri yake. Kada a ɗora mata ledar abinci ko jaka a cinya, kada a bar ta ita kaɗai a waje da abin ci.

Yankari babba ne, ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin jihar Bauchi ke riƙe da shi tun 2006. Mun je a Fabrairu, kuma haka ya dace, don da rani ciyawa ta kwanta, namun daji suna taruwa a bakin kogin Gaji neman ruwa. Ana fita kallo da sassafe da kuma la'asar, cikin mota mai buɗaɗɗen gefe, tare da ɗan jagora.

Hawa motar ya ɗan ba da wuya, don tana da tsawo. Muka tambayi Yaya yadda take so a ɗaga ta, ta nuna, mutum biyu suka kama, aka zaunar da ita kusa da direba, muka tokare ta da matashi saboda gargada. Daga nan fa shi ke nan. A cikin daji ba a yarda kowa ya sauka ya yi ta yawo ba, mai ƙafa da mara ƙafa duk zaune suke. Sa'a biyu ba a tura kowa ba, ba a jira kowa ba. Mu da muka saba ganin gari yana wahalar da ita, sai ga daji ya fi gari sauƙi. Ita ce ma ta fara hango gwanki a tsaye cikin inuwa, tun kafin ɗan jagora ya nuna. Ya ce, "Mama, ke ya kamata a ba aikin nan." Mun ga gwambaza, mun ga mazo, mun ga kada yana shan hantsi, zabin daji kuwa ba a magana. Zaki ko ƙurarsa. Giwa da safe kashinta kawai muka gani da rassan da ta kakkarya, sai a fitar la'asar Allah ya nufa muka same su suna ƙetare hanya da ƴaƴansu, direba ya kashe mota, mata goma sha huɗu suka yi tsit. Wadda ta san taronmu na ranar zubi ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada dai ku yi wa kowa alƙawarin giwa, dabba ce mai yawo.

Wuri mafi wuya shi ne wanda aka fi zuwa dominsa, wato ruwan ɗumi na Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kina ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Amma a kwari yake, sai an gangara matakala mai yawa. Ma'aikata sun yi tayin ɗaukarta, ta yi godiya ta ce matanta sun isa. Mutum huɗu muka kama ƙarfen kujerar, ba tayar ba, fuskarta tana kallon sama, muna hutawa muna canza hannu. Da sassafe muka je, kafin samari su cika wurin. Muka zaunar da ita a bakin ruwa inda ba zurfi, da zaninta, ta zura ƙafafu. Can ta ce a matsa da ita ciki. Biyu suka riƙe ta, ruwa ya ɗauke nauyin, ta miƙe tsaye. Ta ce rabonta da tsayuwa ba sanda tun ba ta yi wayo ba. Hawowa ya fi gangarawa wuya nesa ba kusa ba, don haka a bar masu ƙarfin cikinku su huta kafin a taso, kuma a taso kafin rana ta take.

In za ku ƙirga kuɗi, ku sa na shiga daji, na motar kallo kowace fita, na kwana biyu a hanya ban da na Wikki, da ladan wanda zai ɗaura keke a saman mota ya sauke. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli da dambun nama daga gida sun rage mana kashewa sosai. Kujera mai naɗewa mun mayar wa mai ita, amma ƙungiya ta yanke za ta sayi tata daga ribar bana, ta riƙa ba da aro. Igiyar da kujerar robar suna ɗakin Yaya. Ƙungiyar da ke shirin tafiya ta aiko wakiliya ranar zubinmu, ta zo da awon keken mutuniyarta.