Ƙanenmu na son a yi masa aikin laza a ido

 Yau maganar cikin gidanmu muka kawo, don mun san ba mu kaɗai ta shafa ba.

Ƙanenmu shekararsa 21. Tun yana lakwal a Ingal aka gane ba ya ganin allo sai ya dawo layin gaba. Aka kai shi Agadas, aka auna, aka ba shi gilashi. To wanda duk ya taɓa sa gilashi a Tagidda ya san wahalarsa. Iska ta kwaso ƙura da gishiri ta shafe shi, ka goge da bakin riga, cikin wata kaɗan duk ya kakkarce. In ka ja amawali ka rufe hanci da sanyin safe, numfashinka ya hau gilashin, sai ka tsaya kamar makaho. Sau biyu yana karye masa a wurin aiki bakin ramukan gishiri, kuma kowane karo sai an aika Agadas, a yi sati biyu ko uku ana jira, shi kuwa daga nesa ba ya bambance raƙumi da itace. Ga tsokanar abokai, wai “ido huɗu”.

Bara ya ga wani bidiyo a Facebook. Wani saurayi ya shiga ɗakin likita da gilashi, ya fito babu, yana karanta rubutu daga nesa yana dariya. Tun ranar bai bar mu mun huta ba. Ya ce, “Yaya, wallahi na gaji. A sayar da raƙuma biyun nan da Baba ya bar mini, in je a yi mini.” Inna kuwa ta ce ina ruwan raƙumi, ai aikin ido kyauta ake yi, ba ga kawunmu an yi masa lokacin da likitoci suka zo ba, ya dawo yana gani garau?

A nan muka fara ruɗewa, kuma muna jin mutane da yawa haka suke. Abin da aka yi wa kawu aikin yanar ido ne: ƙwayar da ke cikin idon ce ta yi fari, aka cire ta aka sa ta roba. In ba a yi ba, makanta ce. Ƙanenmu kuwa idonsa lafiya lau, nesa ce kawai ba ya gani, kuma gilashi na gyara masa. Aikin laza a kan fatar gaban ido ake yin shi, wannan mai haske da likitoci ke kira korniya. Ana kankare ta kaɗan a canza mata siffa, don haske ya riƙa sauka daidai. Abin da aka kankare ba ya dawowa.

Muka ce kafin a taɓa raƙumi, a je a tambaya. Muka raka shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900 daga Agadas, muka ga likitan ido. Bai zagi aikin ba ko kaɗan. Ya ce mafi yawan waɗanda aka yi wa suna jin daɗinsa, kuma aikin kansa 'yan mintuna ne. Sai ya karɓi tsohuwar takardar gilashin ya kwatanta da sabon awo: lambar ta ƙaru. Ya ce ba a yi wa wanda bai kai 18 ba, kuma ko ya kai, sai lambar ta tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda. In an yi tana cikin hawa, bayan ɗan lokaci ga gilashi ya dawo, raƙuma sun tafi. Kuma dole a auna kaurin korniya da siffarta tukuna, don in siririya ce aikin na iya raunana ta.

Daga nan ya yi tambayar da ta fi tsaya mana a rai: “A ina zai zauna bayan aikin?” Da muka ce Tagidda, sai ya ajiye biro.

Ashe abin da aka fi kuka da shi bayan laza bushewar ido ne. Wasu wata kaɗan ta wuce, wasu ta daɗe, sai da maganin ɗigawa kullum. Kwanakin farko ba a son ƙura, ba a son a murza idon, sannan akwai komawa wurin likita washegari, da bayan sati, da bayan wata. Yanzu ku dubi garinmu. Da rani, lokacin aikin gishiri, iska ce da ƙura, da ƙyallin rana a kan ruwan ramuka da ke sa ko mai lafiyar ido ya runtse. Da damina ƙura ta kwanta, amma laka ta Irhazer ta riƙe mota, wani lokaci ko Ingal ba ka kaiwa yadda kake so. Idan ido ya yi ja cikin dare, wa za ka nuna wa? Mai bidiyon can, muna zato, likitansa na cikin garinsu.

Ya ƙara da abu biyu. Wasu na ganin fitila da dare ta yi kewaye, abin da ya kamata mai son tuƙin mota ya sani. Kuma laza ba ta hana ido tsufa, bayan shekara 40 yawancin mutane sai sun nemi gilashin karatu.

Gaskiya a hanyar dawowa ba mu yi hira ba. Yana ganin mun haɗa baki da likita. Mu ma ba za mu ce ba shi da hujja ba, idonsa ne, raƙumansa ne, kuma mu da ba mu sa gilashi ba mu san yadda ake ji mutum ya farka yana lalube ba. Sai da muka sauka Agadas ya ce, “To Yaya, in lambar ta tsaya fa?” Muka ce in ta tsaya, aka auna korniya ta yi, kuma muka samu inda zai zauna kusa da likitan na tsawon wata biyu ko uku, mu da kanmu za mu kai raƙuman kasuwa.

Kafin nan mun yi masa gilashi biyu maimakon ɗaya, na biyun mai duhu saboda rana, da akwatinsu mai tauri da ɗan ƙyallen gogewa. Inna ta ɗinka masa igiya yana ratayawa a wuya. Takardar awon bana tana cikin akwatin Inna, badi bayan bikin gishiri na Ingal za mu koma a sake aunawa.

In akwai wanda aka yi wa aikin nan cikin masu saurarenmu kuma ya dawo ya zauna a ƙasar ƙura irin tamu, don Allah ya gaya mana a ƙasa yadda idon ya yi da ranin farko. Ƙanenmu na karanta shafin nan.